Gyara kayanka: Yadda za mu liƙe robar babur a gida, mu sake mata fenti

A ƙasar Birnin Gwari babur ne ƙafar jama'a. Da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi malamin firamare ke isa makarantar da aka tura shi, kuma a ƙauyukan bakin daji a kansa ake ɗauko buhun masara daga gona. Mun ƙara sanin darajarsa a ƙarshen watan Satumbar 2021, lokacin da Gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur na tsawon wata uku saboda matsalar tsaro. Waɗanda suka sha tafiyar ƙasa a lokacin ba su manta ba.

Yau an ci gaba da hawa, amma mallakar babur ta zama aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi. Sabon Boxer ya haura Naira miliyan ɗaya, kayan gyara ma sun bi sahu. Don haka wanda ke da tsohon babur a gida, ko nasa ne ko na Baba ko na Yaya, dole ya riƙe shi da kyau.

Babur ɗin da mu ɗalibai muka fi hawa shi ne wanda ake kira roba-roba, irin su Lifan da Jincheng da Haojue. Ba shi da shan mai sosai, yana da sauƙin tuƙi, amma jikinsa roba ne. Faɗuwa ɗaya a kan tsakuwa ta isa ta tsaga murfin gefe ko ta karya kunnen da noti ke kamawa. Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna, inda manyan shagunan kayan gyara suke, kimanin kilomita 120 ne, kuma ba kullum ake samun irin robar da ake nema da irin launinta ba. Shi ya sa muke yawan ganin babura an ɗaure su da waya ko da tsohon tib, suna tafe suna karkarwa. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙaramar tsaga idan aka bar ta, girgizar hanya za ta yi ta jan ta har murfin ya rabu biyu, ruwa da ƙura su shiga wurin batir da wayoyin wuta.

Ana iya wannan gyara a tsakar gida da kayan da ba su fi ƙarfin ɗalibi ba. Sharaɗin kawai shi ne mu san irin robar da ke hannunmu, kuma mu yarda cewa fenti ne aiki na ƙarshe. Fenti ba ya riƙe tsaga.

Daga Besfa zuwa roba-roba

Iyayenmu sun san Besfa, wadda kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ya fara ƙerawa a 1946. Jikinta ƙarfe ne, idan ta loɓa sai a kai wa mai bugun mota ya daddake ta. A 1958 kamfanin Honda na Japan ya fito da Super Cub, wanda aka yi masa makarin ƙafa da murfin tayar gaba da roba. Wannan babur ya karɓu har ta kai a 2017 adadin da aka ƙera ya cika miliyan 100. Yawancin roba-roba da ke shigo mana daga Sin a kan fasalinsa aka yi su.

Roba ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, tana da araha wajen ƙira. Amma rana na cin ta a hankali. Robar da ta shekara biyar tana shan ranar bazara takan bushe, ta daina lanƙwasa, ta koma tana karyewa kamar busasshen kara.

Liƙin abin da ya fashe kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu mata suna ɗinke ƙwaryar da ta tsage, har yanzu kuma masu liƙin roba na zagayawa unguwanni da kurfoti da ƙarfe, suna liƙe bokiti da baho. Irin wannan aikin ne za mu yi, sai dai za mu haɗa shi da abin da muka koya a darasin kimiyya.

Mataki na farko: kwancewa da wankewa

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a ɗauki hoton babur ɗin da waya ta kowane ɓangare. A tanadi gwangwanayen madara uku ko huɗu, notin kowane murfi a gwangwaninsa, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Dogon noti idan ya shiga ramin gajere yakan huda robar ta waje.

Bayan an kwance noti, murfin yana nan maƙale da wasu ƙananan harsuna da ke ɓoye a ciki. Ana zame shi ne gaba ko baya har harsunan su fita. Wanda ya sa sukundireba ya ɓanɓara da ƙarfi, zai ƙara wa kansa aiki. Idan da sanyin safiyar hunturu ne, a bar babur ya ɗan sha hantsi tukuna, saboda roba ta fi saurin karyewa idan ta yi sanyi. A kula da wayoyin sigina, a zare su daga mahaɗarsu a hankali.

Sai wanki da omo da ruwa, ciki da waje, da tsohon buroshin haƙori a lungunan. Kada a wanke da fetur kamar yadda ake wanke sarƙa. Fetur na raunana wasu robobin, kuma yana barin maiƙon da zai hana fenti kamawa.

Mataki na biyu: wace irin roba ce?

Nan ne yawancin masu gyaran gida ke faɗuwa. A ido duk roba roba ce, amma a jikin babur iri biyu aka fi samu. Murafen waje masu launi da sheƙi galibi ABS ne. Baƙaƙen nan marasa sheƙi, irin na wurin ajiye ƙafa da na cikin makari, galibi PP ne, wato folifurofilin.

Idan muka juya murfin muka duba cikinsa da kyau, sau da yawa za mu ga kamfani ya buga haruffan a jiki kamar haka: >ABS< ko >PP<. Idan babu, akwai gwaji biyu. Na farko, a ɗiga ruwan asiton, wanda ke cikin yawancin ruwan goge jan farce, a wani lungu na ciki. ABS zai yi laushi ya fara danƙo, PP kuwa ko gezau. Na biyu, a fere 'yar ƙaramar roba daga gefen da ba a gani, inda babu fenti, a jefa a kofin ruwa. Zallar PP ta fi ruwa rashin nauyi, don haka za ta taso sama, ABS kuma ya nutse. Gwajin asiton ya fi tabbas, domin akwai PP da ake gauraya wa garin dutse, shi ma yakan nutse.

Dalilin wannan bincike shi ne roba ba ta haɗuwa sai da 'yar uwarta. Idan aka narka PP a kan ABS, zai zauna kamar ya kama, amma da an hau hanya mai gargada zai ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Sufa gulu ma da muke yawan dogara da shi ba ya kama PP, a kan ABS kuma idan ya bushe tauri yake yi kamar gilashi, girgiza kaɗan ta fasa shi.

Abin liƙi mafi kyau shi ne guntun tsohon murfin babur mai haruffa iri ɗaya da namu. Ana samun su zube a bayan rumfar kanikawa, sau da yawa kyauta idan aka yi sallama aka roƙa. Ga PP, fasasshen bokiti ko kujerar roba mai lamba 5 a cikin alamar kusurwa uku zai yi. Jarka da ledar fiya wata wani iri ne daban, ba za su yi ba.

Mataki na uku: liƙi

Da farko a tsayar da tsagar. A nemo daidai inda ta ƙare, a huda ɗan rami mai faɗin milimita 2 zuwa 3 da ƙusa mai zafi. Tsaga tana tafiya ne saboda duk ƙarfin girgiza na taruwa a kan tsininta. Ramin zagaye yana rarraba wannan ƙarfi, sai ta tsaya.

Daga nan a haɗa bakin tsagar ya zauna daidai, a manne ta waje da salatif na takarda, a juya. Duk aikin liƙi ta ciki ake yin sa. A kankare fenti da datti a gefe da gefen tsagar, a fere ta da wuƙa ta zama ɗan kwari, inda narkakkiyar roba za ta kwanta.

Wanda ke da wuta ko janareta zai iya aron ƙarfen liƙi na masu gyaran rediyo. Wanda ba shi da ita, tsohuwar wuƙa ko sukundireba mai faɗin baki da aka ɗora a garwashi ta wadatar, kamar yadda masu liƙin bokiti ke yi. A fara ɗiga liƙi a wurare uku ko huɗu don tsagar ta daina motsi. Sannan a yanka abin liƙin siriri kamar tsinken tsintsiya, a kwantar a kwarin, a riƙa narka shi tare da gefen murfin har su zama abu ɗaya. PP na narkewa ne a wajen digiri 160 na ma'aunin Salshiyas, wato ba ya buƙatar jan ƙarfe. Idan muka ga hayaƙi na tashi, robar tana baƙi tana kumfa, zafi ya yi yawa, kuma ƙonanniyar roba ba ta da ƙarfi. A bar ƙarfen ya ɗan huce.

Don ƙarin ƙarfi, a yanko ragar ƙarfe irin ta taga, mai faɗin yatsu biyu, a ɗora ta a kan tsagar, a danna da ƙarfe mai zafi har ta nutse cikin robar, a rufe ta da wani liƙin. Idan babu raga, gajerun wayoyi da aka lanƙwasa kamar tafiyar maciji, a jera su a gicciye, za su yi. Wannan shi ne ɗinkin ƙwarya na zamani. Haka ake yi wa kunnen noti da ya karye, domin nan ne ya fi ɗaukar wahala.

ABS yana da wata hanya da ba ta buƙatar wuta. A yayyanka guntayensa ƙanana a kwalbar gilashi mai murfi, a zuba asiton ya rufe su, a bari ya kwana. Da safe zai zama kamar kunu mai kauri. A shafa shi a tsagar siriri-siriri, kowane shafi ya bushe kafin na gaba, a ba shi yini da kwana ya yi tauri. Asiton na kama wuta nan take, saboda haka tsakaninsa da kurfoti sai nesa.

Mataki na huɗu: gugar samfefa

Idan liƙi ya kama, a cire salatif a koma waje. Lambar da ke bayan samfefa tana nuna kaushinta: ƙaramar lamba ta fi kaushi. A fara da 180 ko 240 a kan layin tsagar don ya daidaita, a bi da 400 a duk jikin murfin, a ƙare da 600. A riƙa jiƙa samfefar da ruwa. Ba sai an cire tsohon fenti duka ba, abin da ake so shi ne sheƙinsa ya mutu, sabo ya samu wurin kamawa. Sitika da ragowar gam ɗinta kuwa dole su fita.

Idan akwai ɗan rami da ya rage, a shafa fila irin ta masu gyaran jikin mota, amma kaɗan. Roba na lanƙwasa, fila ba ta yi, mai kauri za ta tsage. Yatsa ya fi ido gane aibu a nan: a rufe ido a shafa, duk inda aka ji tudu ko kwari, fenti zai ƙara bayyana shi. Bayan haka a sake wankewa, a shanya a inuwa, kada a ƙara taɓa fuskar da hannu mai maiƙo.

Mataki na biyar: fenti

Fentin feshi na gwangwani shi ya fi dacewa da aikin gida. Ana buƙatar iri uku: na shimfiɗa wanda aka rubuta cewa na roba ne, sai mai launi, sai mai sheƙi marar launi da ake rufewa da shi. Ya fi kyau duka ukun su zama na kamfani ɗaya, kuma a fara gwadawa a cikin murfin, domin wani fentin yana da sinadari mai ƙarfi da ke sa fuskar ABS ta yamutse. Baƙar robar PP kuwa shawararmu a bar ta yadda take. Fenti ba ya son zama a kanta sai da shimfiɗa ta musamman, ga shi wurin da takalmi ke gogawa ne.

Yanayi na da muhimmanci. Ƙurar hunturu za ta manne a ɗanyen fenti ya zama kamar samfefa. Laimar damina kuma takan sa shi ya yi fari-fari. A zaɓi ranar da babu iska, da hantsi bayan raɓa ta bushe, a yi aikin a inuwa a fili. A yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Tsohon gidan sauro da aka daina amfani da shi yana da amfani wajen rufe murafen yayin da suke bushewa, saboda ƙwari.

A girgiza gwangwani na minti biyu cur. A riƙe shi nesa da murfin kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25. A fara fesawa kafin hannu ya iso kan murfin, a wuce da sauri ɗaya, a saki bayan an fita ɗaya gefen. Shafin farko ya zama kamar hazo, ana hango abin da ke ƙasa. A jira minti 10 zuwa 15, ko abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, sannan a ƙara. Shimfiɗa biyu, launi uku, sheƙi biyu, duka sirara. Mai gaggawar da ya ce zai rufe komai a shafi ɗaya, fentinsa zai zubo kamar hawaye, sai ya jira ya bushe ya koma kan samfefa.

A bar murafen kwana biyu kafin a mayar, kada kuma a ɗaure noti har ya nutse, domin yawan ɗauri na cikin abin da ke fasa kunnuwa tun farko. A yi mako biyu ba a wanke da omo ba. A gidan mai ma a lura, fentin gwangwani ba ya jure fetur, idan ya ɗiga a goge nan da nan.

Lafiya uwar jiki

Hayaƙin narkakkiyar roba da tururin fenti suna cutar da huhu, kada a yi ko ɗaya a cikin ɗaki. A sa takunkumi, a tsaya ta inda iska ke kwashe tururin daga fuska, a kori ƙanne daga wurin duk da son kallonsu. Wasu fentuka na ɗauke da dalma, shi ya sa gugar samfefa da ruwa ta fi, don ƙurar ba ta tashi. Gwangwanin da ya ƙare kada a jefa shi a wuta, fashewa yake yi.

Akwai kuma abin da ba a liƙewa. Hular kwano idan ta tsage ta gama aiki, sai sabuwa, kuma ba a fesa mata fenti domin sinadarinsa na iya raunana ta. Tankin mai da birki da ƙarfen jikin babur aikin bakanike ne.

Launi da takardu

Wannan ya fi shafar mu 'yan yankin da ke fama da matsalar tsaro. Takardun babur suna ɗauke da launinsa da lambar inji da lambar jiki. A hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ko ta Funtuwa akwai shingayen jami'an tsaro, kuma an san ɓarayi na sauya wa babur fenti don ɓatar da sawu. Matashin da ya zo da baƙin babur, takarda kuma ta ce ja ne, ya jawo wa kansa tambayoyin da zai daɗe yana amsawa. Mafi sauƙi a mayar da launin da babur ya zo da shi. Wanda ya nace sai ya sauya, ya je ofishin lasisi a gyara takarda. Kada fenti ya taɓa lambar inji ko lambar rajista. A ajiye rasit ɗin sayen babur da hotunan da aka ɗauka kafin gyara. Idan kuma na Baba ne ko na Yaya, a nemi izini kafin a kwance ko noti ɗaya.

Daga gyaran gida zuwa sana'a

Tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwambar 2024 bayan shekaru tana rufe, zirga-zirga ta ƙaru, babura kuma sun ƙara yawa a hanya. Kowannensu wata rana zai buƙaci gyara. Kanikawa sun fi mayar da hankali kan inji, masu liƙin robar babur da fentinta da kyau ba su da yawa a garuruwanmu. Ɗalibin da ya iya wannan aiki zai iya samun kuɗin littafi da na mota a lokacin hutu. Mai son zurfafawa kuma ga kasuwar Panteka a Kaduna, inda matasa da dama suka koyi ƙira da walda da fenti a hannun iyayen gidansu.

Shawararmu ga mai farawa ita ce kada ya fara da babur ɗin gida. Ya samo fasasshen murfi a wurin bakanike, ya gwada gane irin robarsa, ya liƙe, ya lanƙwasa da hannu ya ga ko zai riƙe. Idan ya ɓalle, ya duba ko zafi ne ya yi yawa ko robar ce ba iri ɗaya ba, ya sake. Ranar da liƙinsa ya jure lanƙwasa, ya isa ya taɓa na Baba. Allah Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya kuma zaunar da yankinmu lafiya.